Iskar Barci da Sunan Ɗan Fari

Liman na sallame asuba muka bar Gusau, mu huɗu a tsohuwar motar asibiti: likitan tiyata, ma'aikaciyar jinya, direba, da ni mai sa mutane barci. Aikin gwaiwa kyauta ya fitar da mu, Anka da Bukkuyum da Gummi. Kowa ya baje abinsa, ni kuwa na rungume kula kamar mai jego, don allurar sakin jiki da ke ciki ba ta shiri da zafi, in ƙanƙara ta narke ƙarfinta ya fara tafiya. Direba ya roƙi in ba lemonsa masauki a ciki. Na ce ko ɗan sarki ne da ɗumi zai sha.

Daga Mayanci muka karkata, hanya ta shiga gaisa da ƙugunmu rami bayan rami. A Anka muka karya da ƙosai da furar naira goma mai nono har wuya, muka kama aiki.

Iskar barcin da muke amfani da ita, halotan, ruwa ce a kwalba, tana tashi kamar fetur. Mutum ya shaƙa, ta bi huhu ta shiga jini ta kai ƙwaƙwalwa, shi ke nan sai barci. In na rufe ta, ta inda ta shigo take fita, da numfashi. To, tsakanin barci da farkawa ake shan kallo, don baki kan riga hankali tashi. Wani dillalin dawa ya buɗe ido ya dubi likitanmu, dattijo mai furfura, ya ce, "Kai yaro, wa ya ba ka wuƙa?" Sannan ya shiga zayyana rowar surukinsa dalla-dalla, surukin kuwa na tsaye a kansa yana yi masa fifita. Wallahi har yau ban san yadda na riƙe dariya ba.

Labari ya fi motarmu gudu. Kafin mu isa Bukkuyum bayan kwana biyu, kowa ya ji cewa likitocin Gusau na da iska mai sa mutum ya tona asirin kansa. Rabin masu gwaiwa suka ce sun ji sauƙi.

Nan muka haɗu da wani dattijon makiyayi daga wajen Gwashi, Baffa muke ce masa, tare da babban ɗansa, magidanci mai gemu. Gwaiwar Baffa ta yi girman da hanji ya fara maƙalewa. Likita ya ce ba ta jira, kuma ba ta allurar baya mai kashe rabin jiki ba ce, sai an kwantar da shi gaba ɗaya. Baffa ya ce bai san zancen ba. Ya ji muna da wata allura mai hana mutum motsi, wato ta cikin kular nan, ita kaɗai yake so, iska kuwa mu ba mai so.

"Likita, sharo uku nit tsaya ban ƙyafta ba," in ji shi. "Wuƙa mi ta?"

Na ce, "Baffa, allurar nan ba ta sa barci, ba ta kashe zafi. Saƙon da jijiya ke kai wa tsoka kawai take tarewa. Za ka ji wuƙa tun daga fari har ƙarshe, ba damar ihu, ba damar ɗaga yatsa. Ko numfashi sai na matsa maka shi da jakar roba. In na yi maka ita babu barci, ban san me zan ce wa Allah ba."

Can ya kori ɗan da hannu, ya ce, "Kai wanga, tai ka dubo ruwa." Sai da ya ga ya yi nisa ya rage murya. Ashe ba mutuwa yake tsoro ba. Wancan ɗan fari ne, shekara talatin da wani abu bai taɓa kama sunansa ba, kuma ba zai yarda iskar kwalba ta sa shi wannan abin kunya ba. Gara hanjin ya yi abin da zai yi. Raina ya ɓaci, amma na gane, don ni ma ɗan fari ne. Tun da na yi wayo "kai wannan" nake a bakin Innata. Na yi masa alkawarin lokacin farkawa zan aiki ɗan nasa nesa. Da haka ya yarda.

Injin wutar Bukkuyum ya zaɓi ranar ya mutu, dole muka ɗauke su zuwa Gummi. Baffa ya karɓi kula ya ɗora a cinya, ya hana kowa taɓawa. Direba ya miƙo lemonsa a ɓoye, ya sha harara ya janye. Muka bi ta Daki Takwas, gonakin dawa dama da hagu, muka shiga Gummi da hantsi, ƙamshin soyayyen kifi na tarbar mu tun daga tasha.

Aiki ya tafi lafiya. Na sa shi barci, na bi da allurar, cikinsa ya saki likita ya mayar da hanji wurinsa, ni ina matsa jaka ina lura da bugun zuciya, don halotan kan rage mata gudu. Da aka gama na rufe iska, na yi allurar da ke warware ta farko, numfashinsa ya dawo. Sai na fita na aiki ɗan Baffa kasuwa ya sayo mini ƙanƙara. Wayo ke nan, a ganina. Ban san akwai mai sayar da ita a ƙofar asibiti ba.

Ina juyowa sai ga shi a bakin ƙofa da ƙanƙara a hannu. Daidai nan Baffa ya motsa baki.

"Umaru. Ina Umaru? Ku ba Umaruna abinci, tun jiya bai ci komi ba."

Ƙaton mutumin nan ya sandare kamar shi na yi wa allurar. Ƙanƙara na narkewa tana bin gwiwar hannunsa, hawaye na bin gemu. Ma'aikaciyar jinya ta juya ta shiga gyaran abin da ba ya bukatar gyara.

Da la'asar hankalin Baffa ya dawo, ya kafe ni da ido. "Likita, na hwaɗi wani abu?" Ina neman ta inda zan ɓullo, Umaru ya riga ni. "Shanu kaɗai ka kira, Baba." Dattijo ya yi hamdala, ya ce, "To kai wanga, miƙo man ruwa."

Muka dawo Gusau ranar Juma'a da kula fanko, lemon direba a ciki, ya samu masauki bayan ƙanƙara ta ƙare. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, iskata ba ta sa wa mutum magana a baki, abin da ya daɗe a ciki take buɗe wa ƙofa.

Ban wuce gidana ba sai da na biya wurin Inna. Na ba ta labari tas, na ce akwai ragowar kwalba a jakata in tana son ta ɗan shaƙa. Ta ɗaga muciya ta ce, "Kai wannan, Allah ya shirye ka. Zauna ka ci tuwo." Na zauna. Da na kai hannu cikin miya, sai na tarar naman tukunyar duka a kwanona yake.