Rabon Gajere

Ranar cika-ciki ta shekarar da anka ɗibi mutane aikin kuza, ɗari anka tashi da shi, irin wanda ke sa ruwan randa cizon haƙori. Har azahar ba wanda ya tuɓe mayafi a Marnona.

Yayata Turai ita ka riƙon al'adar gidanmu tun bayan rasuwar innarmu. In an yanka ragon Layya sai ta ware jela, ta soye ta, ta rufe cikin tukunya da kitse, ta liƙe baki da laka. Ba a buɗewa sai goma ga watan Muharram, ranar da dangi ka taruwa a ci a ƙoshi, don an ce wanda bai ƙoshi ba ranar nan, da yunwa za shi ƙare shekara. Ita ka rabo, tana kiran kowa da sunanai.

Ɗa guda gare ta, Gajere. Ni kuma ina da Maigandi. Taubasai na, ɗan mace da ɗan namiji, ba su haɗuwa ba su yi tsiya ba. Shekarar da ta gabata ma, ranar cika-ciki, Maigandi ya shigo da gudu yana salati, wai Gajere ya nutse gulbin Rima. Kafin a gane, ya lamushe rabon Gajere, Gajere ko yana ɓoye bayan rumbu yana dariya.

Da kaka ta yi, Nasara ya aiko a ba da mutanen haƙar kuza, Hakimi ya sa su biyun cikin ayarin Jos.

To, ranar da nike faɗi, Turai ta fasa laka ke nan bayan la'asar sai ga Maigandi bakin zaure, shi kaɗai, ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi sallama. Ya durƙusa gabanta.

"Goggo, sai haƙuri. Gajere ya cika. Sanyin dutse ya kama mishi ƙirji. Da hannuna na sa shi kabari."

Mata sunka fashe da dariya. Turai ta ɗaga ludayi.

"Kai, ɗan nema! Bara gulbi, bana dutse? Ina ka ɓoye min shi?"

"Goggo, wallahi..."

"Mi? Bara ma wallahi ka ce. Ka ci naka, na ɗana ba ka taɓa shi."

Ni na dubi ƙafafun Maigandi, na ga yadda sunka tsattsage, na san ba wasa ba na. Turai ta ɗebi rabon Gajere ta rufe da faifai, ta aika yara su duba bayan rumbu. Sunka dawo. Ta ce su duba garka.

Maigandi bai ci komi ba ranar nan, kuma bai sake yi wa kowa wasa ba har yau.

An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, Turai ta zauna anka yi mata gaisuwa, ta amsa. Amma da shekara ta kewayo, wurin rabo ta kira sunan Gajere, ta rufe da faifai. Ba wanda ya hana ta.

Tana nan Marnona, ɗakinta na gabas, ido ya tafi. Matar Maigandi ka soya jela yanzu, a kai mata tukunya ta raba da lalube.