Kwaɗon da ya kusa raba Ammu da awakinsa

Lokacin da abin ya faru ina aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma ni yarinya ce mai kunyar magana, ko da malama ce ta kira sunana. Kallo ne aikina. Muna zaune a unguwar Aziziyya a ƙasa mai tsarki, Babana kuwa shi ke kula da wata gonar dabino a unguwar Awali, mai layi huɗu na zaitun a can ƙarshenta. Duk Juma'a bayan la'asar yakan kai mu shan iska.

Da sanyin shekarar na lura da wani ganye da ya fito tsakanin itatuwan zaitun, kusa da siririn tiyon da ke ɗigo da ruwa. Ya yi kama da alayyafo, sai dai a tsakiyarsa akwai wani gari-gari da ke manne wa yatsa. Na ɗauka da kansa ya tsiro. Kakata kuwa kullum tana mitar ta gaji da mulukiyya, wato miyar lalo, kwaɗon ganye take marmari. Sai na tuge shi har saiwa, na cika leda, na tura a jakata ban nuna wa kowa ba. Kaka ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ta yi ta shi mini albarka. Baba ma ya ci ba tare da ya tambayi inda aka samo ba. Juma'a uku ina haka.

A ta huɗu na ji Baba yana magana da tsohon da ke ban ruwa, mutumin Sudan ne, muna ce masa Ammu. A nan na fara jin sunan kinuwa. Ashe hatsi ne mai jure ƙarancin ruwa, mai gonar ya sa aka shuka don gwaji, ga shi rabin layi ya ɓace. Mai gonar ya ce awakin Ammu uku ne suka cinye, kafin mako ya zagayo a fitar da su. Ammu ya yi ta rantsuwa cewa akuya kan ciji kan ganye ne ta wuce, ba ta tugewa tas kamar mai hannu. Na san gaskiyarsa, don ina tsaye ina kallon sawun takalmina a jiƙaƙƙiyar ƙasar. Na kuma san iyalinsa na nesa, awakin nan su yake yi wa hira idan yana tatsa. Duk da haka na ja bakina na shiga mota.

Kwana biyu suka wuce ina ɓoye maganar. Da na ga ba zan iya faɗa ba, sai na yagi takarda daga littafin makaranta, na rubuta komai, na sa a aljihun jallabiyar Baba. Da safe ya kira ni, ya tambaya ko kwaɗon nan ne da ya nemi ƙari. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya gimtse fuska ya ce tugewar rashin sani ce, amma shirun kwana biyu da sanina na yi shi. Ya buga wa mai gonar waya a gabana, kuma ya ce sai na je wurin Ammu da kaina, don haƙuri da baki ake ba shi, ba da biro ba.

Haka na tsaya gaban Ammu na faɗa masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce wa Baba ashe akuya ta huɗu abaya take sawa, har tana zuwa makaranta. Ya kira ni 'yarsa, ya miƙo mini kofin madara mai ɗumi. Awaki suka ci gaba da zamansu a gonar. Sauran shukar ta girma, ta fitar da kawuna ja da rawaya a ƙarƙashin zaitun, ni kuma aka ba ni aikin duba ta duk Juma'a, aikin da har yau nake jin daɗinsa.

'Yan uwana mata, kada ku tsinki komai a gonar wani sai kun tambaya, ko da ya yi kama da ciyawa. Idan kuma kuskurenku ya faɗa kan wani, ku yi magana a ranar. Ni an yafe mini har da dariya, amma Ammu ya kwana biyu yana tunanin wanda zai ba awakinsa, kuma wannan kwana biyun ba ni da yadda zan mayar masa da su.