Ragon da na sayar wa gida bakwai

Kafin in lalace, ni ma'aikacin sibar ne, wato shagon intanet, a cikin garin Tawa. Na bar lakwal a aji na uku na kolej ba tare da takardar komai ba, amma hannuna ya iya ordinatar, wato kwamfuta. Ina buga wa mutane takardu, ina cire musu hoto, ina aika wa tsofaffi saƙo. Mahaifina ya rasu ina ƙarami. Wanda ya saya mini littattafai, yake ɗinka mini kayan salla, shi ne ƙanen mahaifiyata, Kawu Illa na Barmu. Bai taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗan farin yayarsa, saboda haka "Ɗan Yaya" yake ce mini, a gida ko a tsakiyar kasuwa.

A sibar na fara koyon cuta. Tsoho zai kawo takarda a aika wa ɗansa, in ce masa rezo, wato layin intanet, ya yanke, sai an sake biya. Ya biya, ya yi mini addu'a, ya tafi. Ba wanda ya taɓa kama ni, kuma a nan na gane cewa wanda bai san abu ba, duk abin da ka faɗa masa shi ne gaskiya. Da wannan ilimin na ci amanar kawuna.

Sana'ar Kawu kiwon ragunan layya. Kun san mu Adarawa da tafiya bida. Yawancin samarin ƙauyukanmu suna Abijan da sauran garuruwan kudu. Idan layya ta gabato, sai su kira Kawu a salula, su ce a kai wa tsohuwarsu rago. Shi ya zaɓa, ya shafa wa ragon fenti a gadon baya alamar an saye shi, ya ci gaba da ba shi dusa da harawa har saura kwana biyu salla. Shekara da shekaru yana haka, ba a taɓa jin ragon wani ya faɗa hannun wani ba. Sunansa shi ne jarinsa.

Da zamani ya canja, ƴan bida suka fara cewa suna son ganin rago da idonsu kafin su biya. Suka ba shi shawara ya buɗe shafi a intanet, abin da muke kira sit, inda za a jera hotunan ragunan. Kawu bai iya boko ba, sai ya shiga neman wanda zai yi masa.

Cikin masu neman aikin, mu biyu muka rage. Ɗayar ita ce Malama Rahila, mai koyar da ordinatar a lise, babbar sakandare, Kirista ce, iyayenta mutanen wajen Maraɗi. Wata ranar bayan la'asar Kawu ya haɗa mu a rumfar garkensa da ke bayan gari a Tawa, inda yake kawo raguna duk shekara. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce aikin zai ɗauki wata guda, kuma kuɗinta ya fi nawa. Ta ce shafin da sunansa za a yi rajistarsa, lambar wayarsa za a sa, kuɗi hannunsa za su riƙa zuwa, kuma kod ɗin buɗe shafin za ta rubuta ta damƙa masa. Ta ce a rubuta duk wannan a takarda, kowa ya sa hannu.

Ni kuwa ban taɓa yin shafi ba, sai dai na ga yadda ake yi. Na ce kwana huɗu sun ishe ni. Da na ga Kawu yana gyaɗa mata kai, sai na matsa kusa da shi na rage murya: "Kawu, kana da ɗa cikin gida, ka kai asirin kasuwarka ga bare?" Har maganar addininta na kawo, abin da ba ruwansa da rago ko ordinatar. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma na faɗa.

Ta ji ni sarai. Da ta tashi tafiya ta ce, "Baba, ba komi, ka ba shi. Amma ko shi ɗin na, ku yi takarda, kuma lambarka a sa."

Kawu ya yi dariya har ya kama gemu. "Malama, takarda tsakanina da ɗan yayata? In Yaya taj ji, ina nika sa kaina? Wanga yaro ni ni riƙe shi ran da anka yi mishi aski."

A wajenmu neman takarda ga ɗan'uwa kamar ka kira shi ɓarawo ne a gaban mutane. Na san haka, kuma da shi na fake.

Na yi shafin. Na sa hoton Kawu da rawaninsa a sama, na jera raguna a ƙasa. Lambar da na sa tawa ce. Na ce masa tunda saƙonnin da faransanci suke zuwa, gara su biyo ta wajena. Ya ce, "Kai as sani, Ɗan Yaya."

Makon farko na yi gaskiya, sai ɗan abin da nake ƙarawa a kan farashi ba da saninsa ba. Mako na biyu wani ya aiko kuɗin rago daga Abijan, na karɓo, ban kai ba. Na ce gobe. Goben ta same ni a wurin cacar ƙwallo. Daga nan na sayi moto, na canja salula, abokai suka fara kirana patoro, wato maigida, ni kuma kaina ya kumbura.

A garken akwai wani balami fari tas mai baƙin kunne ɗaya. Shi kowa yake so. Na sayar da shi sau ɗaya, na gaya wa Kawu, ya shafa masa fenti. Amma hoton da ke shafin tun kafin fentin na ɗauke shi, kuma ban cire ba. Wani ya tambaya, na ce yana nan. Wani ma haka. Kafin wata ya ƙare na sayar da shi ga mutum bakwai, ban da wasu ragunan da na karɓi kuɗinsu na yi shiru. Duk wanda ya tambayi yaushe za a kai, sai in ce bana iyali ne za su zo garke su karɓa. Ina yaudarar kaina cewa caca za ta dawo mini da komai kafin salla.

Saura kwana biyu salla, da hantsi, suka fara isowa. Ina tsaye bayan rumfa ina gani. Mutum biyu suka kama igiyar balamin lokaci guda.

"Sake, malam, wanga nawa na."

"Naka na? Ga hotonai ga salulata, ɗana ya aiko min shi tun watan jiya!"

"To ɗanka ya sai kunne, nawa ya sai rago."

Mutane suka yi dariya, har Kawu. Sai na uku ya fito da hoton nan, sai na huɗu. Dariya ta ɗauke. Can wata tsohuwa ta sauko daga amalanke, daga Afala ta taso tun asuba. Ta kunna saƙon muryar ɗanta kowa ya ji: "Inna, ki tai wurin Illa na Barmu, bai cin amana. Mai baƙin kunnen nan naki na." Ta ce shekara huɗu ɗanta bai zo gida ba, bana ne ya fara iya yi mata layya.

Kawu ya juya yana nemana da ido. "Ɗan Yaya! Ina Ɗan Yaya? Zo ka warware muna wagga magana." Ko a lokacin bai zarge ni ba, yana zaton kuskuren na'ura ne. Na zame ta bayan garke, na kashe salula, na hau moto. Jandarma suka tare ni a hanyar Ƙonni washegari.

Abin da ya biyo baya a bakin mahaifiyata na ji. Kawu bai gaya wa kowa ba cewa ba shi ne ya karɓi kuɗin ba. Ya kwance ragunansa ɗaya bayan ɗaya yana ba duk wanda ya nuna shaida. Da suka ƙare ya sayar da tumakin da yake samun iri da su, ya sayo wasu a kasuwa da tsadar jajibiri. Tsohuwar Afala ya ba ta ragon da ya ware wa gidansa. A shekarar nan, mutumin da ya ciyar da gidaje da naman layya tun ban san kaina ba, maƙwabta ne suka aika masa da nama a kwano.

Ba shi ya kai ni ƙara ba, ƴan bida ne. Amma an kira shi shaida. Alƙali ya tambaye shi ko ya san wanda ke tsaye. Ya dube ni, ya ce ya sani, sannan ya faɗi sunana na yanka, ya haɗa da na mahaifina. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Hukuncin da aka karanta daga baya bai yi mini nauyin wannan ba.

Ina gidan kaso da sati biyu aka ce ina da baƙuwa. Malama Rahila ce. Ashe shafin yana nan a buɗe, da hoton Kawu, mutane suna shiga suna zaginsa, kuma ba mai ikon rufe shi sai ni, don komai da sunana yake. Kod ta zo karɓa. Na rubuta mata, ina jiran ta tuna mini abin da na faɗa a rumfa. Ta ninke takardar ta ce, "Allah shi ba ka haƙuri," ta ajiye mini sabulu da ƙuli-ƙuli, ta tafi.

Layya biyu na yi a kaso. Duk ranar salla idan ƙanshin suya ya shigo ta saman katanga, kwanon nan nake tunawa.

Da na fito na tafi Barmu kai tsaye. Garken da na sani cike, raguna tara na ƙirga a ciki. Ƴan bida da yawa sun koma wajen wasu. Malama Rahila ta yi masa sabon shafi da sunansa da lambarsa, kod ɗin yana cikin aljihun rigarsa a ƙunshe cikin leda. Na durƙusa a gabansa. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira. Ya ce shi ma yana da nasa laifin, ya ji kunyar abin da ba na kunya ba ne. Ya ba ni aikin ɗebo ruwa da yankan harawa, kuma shi nake yi har yau. Ban sake taɓa kuɗin kowa ba.

Ku matasa da kuka iya abin da iyayenku ba su iya ba, ku ji tsoron Allah a kan wannan iyawar. Tsohon da ya miƙa maka salularsa ya ce "duba mini", amanarsa duka ya miƙa. Kada ku fara da ƙarami kuna cewa gobe za ku mayar. Ni ma haka na ce. Ku kuma masu sana'a, idan za a yi muku shafi, ku ba wanda ya iya, wanda ya yarda komai ya zama da sunanku. Ku nemi takarda ko da ɗan cikinku ne. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Ni ne ban so takarda ba, kun ga dalili.

Kawu yana gaisawa da ni kowace safiya. Yana ba ni abinci daga kwanonsa. Amma da sunana yake kirana, kamar kowa. Shekara guda ke nan ina ɗebo ruwa, kuma duk lokacin da ya buɗe baki zai kira ni sai in tsaya da guga a hannu, ko yau zai ce Ɗan Yaya.