Faifan Waken Tsohuwa

Tun tana jaririya ake kiranta Tsohuwa, don sunan kakarta ta ci. Yanzu dai shekaru sun cim ma sunan. A wani ƙauye bayan Tsiga take, kuma kamar iyayenta mata, a kafaɗa take ɗaukar kaya, ba a ka ba: itace, tulun ruwa, damin dawa. Shekara takwas ke nan kafaɗar dama tana ramawa da ciwo.

'Yarta Jane, ma'aikaciyar jinya a Funtua, ta zo ta tarar da gwangwani cike da ƙwayoyin kemis, ga gyambon ciki ya soma.

"Inna, ko ki rage shan waɗannan, ko in tafi da ke gari, a ba Bitrus gayaunarki."

Wannan 'yar gonar tata ce ta kanta, ko ɗan nata Bitrus ba ya sa mata fartanya sai da izini. Don haka ta yarda ta koyi abin da Jane ta nuna mata: ta zauna shiru, ta bi numfashinta, in ciwon ya taso ta dube shi kawai, ban da kokawa.

Washegari ta zauna gindin ɗorawa ta rufe ido. A numfashi na uku matar Tanimu maƙwabcinta ta leƙo. "Lafiya, Inna?" Kafin na goma an aika gona kiran Bitrus. Kunu kwano biyu aka kawo, wata har ta fara matsar hawaye. A ƙauyen ba a saba ganin mace zaune hannu sake da rana ba, sai in an yi rashi.

Sai ta ɗauko faifai ta zuba wake. Mai tsintar wake ba wanda ke tambayarta. Ƙwaya ɗaya, numfashi ɗaya.

Bayan kaka, ni da ke maƙwabtaka da su na je gaishe ta, na same ta a nan, na ce, "Inna, ciwon ya tafi?"

"Ina za shi? Nan ne gidansu. Da ina ce duk kafaɗar ce. Da na tsaya na duba, ashe bai fi tafin jariri ba, kuma yana tashi yana kwanciya."

Jane ta dawo, ta girgiza gwangwanin, ta ji shi da nauyinsa, ta hau mota ita kaɗai.

Waken kuwa tiya ɗayar nan ce tun damina. Bitrus ya roƙa a dafa. Ta ce ba ta gama tsincewa ba.