Mai Riƙe da Kwaɗon Abdulhakim

Daga Jega har Maiyama babu wanda ya san cikin kwamfuta kamar Abdulhakim. A ƙarshen shekarun casa'in kuwa, kwamfutocin yankin ba su cika yatsun hannu guda ba.

Shagonsa yana Jega Magaji. Da safe ya buga wa mutane takardu, da yamma ya kutsa cikin manhajar da ke tafiyar da na'urar kanta, yana farautar kuskuren da ke sa ta sandarewa. Irin wannan gyara ana yinsa ne na'ura tana aiki. Ƙa'idarsa guda: kafin ka canja layi, ka kama kwaɗon da ke cikin manhajar, don kada wani aiki ya ratso wurin kana tsakiyar ɓarewa.

Ba a makaranta ya koyi wannan tsoron ba. Wansa Jibrilla makanikin injin niƙa ne a Liba, kuma yakan kulle ƙarfen tayar da inji a akwati kafin ya sa hannu. Ran da ya manta, wani ya zo ya tayar. Da la'asar aka binne Jibrilla.

Wata rana Abdulhakim ya nemi kwaɗon, na'ura ta nuna yana hannun wani, ta tsaya tana jira. Shagon ba kowa sai shi. Ya kashe ya kunna, haka dai. Sannan ya fara jin ƙamshin garin dawa a ɗakin da ba a taɓa niƙa ba.

"Yaya Jibrilla na," ya ce wa matarsa Ummusalma. "Bai son in sa hannu."

"Haba Malam! Mutumin da ko tashar rediyo bai iya kamowa yana duniya, shi za ya koyi kwamfuta cikin kabari?"

Bai yi dariya ba. Ya je Aliero wurin wani malami, aka yi wa mamaci addu'a. Malamin ya ce matattu suna da abin da ya dame su, ya koma ya duba aikinsa. Bai duba ba, domin dubawa ma sa hannu ne. Ya lulluɓe na'urar da zane, ya koma sayar da kwaɗuna a kasuwar Jega. Har yau ba ya miƙa wa mutum kwaɗo sai ya yi masa nasiha.

Abin da bai duba ba kuwa: a cikin manhajar, umarnin kama kwaɗon sau biyu shi da kansa ya rubuta shi a jere. Na farko ya kama, na biyu yana jiran na farko ya saki.