Koren Tawul a Baranda

Arha ce ta kai mu wannan layi na unguwar Setapak a birnin Kuala Lumpur, ba wani abu ba. Maigidana yana karatun digiri na uku, kuɗin karatun kuwa sai sun ga dama suke isowa, don haka da aka ce masa akwai ɗaki biyu a saman wani tsohon shago bai tsaya tambayar su wane ne maƙwabta ba. Ni da nake wuni a gida da 'yarmu ni na gano, tun ba a rufa mako ba.

Layin gajere ne, tsofaffin shaguna jere biyu suna kallon juna, ƙasa kanti, sama wurin kwana. Yawancin mazauna saman maza ne da suka manyanta, wasu su kaɗai, wasu bibbiyu, ba mace ba yaro. A Kano na tashi, na san 'yan daudu masu tuya a bakin tasha, amma waɗannan ba su yi kama da su ba. Akwai mai aski, akwai ma'aikacin jinya, akwai wanda ya yi ritaya daga banki. Maza ne masu son maza, sun yi shekaru suna taruwa a nan ɗaya bayan ɗaya, saboda wuri ne da ba wanda ya damu da shi. Ba allo, ba hayaniya, don dokar ƙasar ba ta sassauta musu ba. Da na kai wa maigidana labari sai ya ce, "To, ke aka aiko ki yi musu hisabi?" Na ce a'a, amma ni dai ba ruwana da su. Na kuwa riƙe maganata wata uku cur.

Barandarmu ɗaya da wani tsoho ɗan asalin Sin, gajeriyar katanga ce kawai ta raba mu. Kowa Ankul yake ce masa. Abokin zamansa na shekara talatin ya rasu kafin mu zo, danginsa kuma sun daɗe da juya masa baya. Kullum da safe zai shanya wani koren tawul a kan ƙarfen baranda, da yamma ya ɗauke. Ina gani ina cewa a raina, wannan tsoho ko tawul na biyu ya gagare shi.

Sai korona ta zo aka kulle gari. Wata safiya hadari ya taso ina tsakiyar wanke-wanke, na fito da gudu na kwashe kayan 'yata. A gidanmu ba a kwashe shanya a bar ta maƙwabci, in ka yi haka har Hajiyarmu sai ta ji. Na miƙa hannu ta kan katanga na fizge tawul ɗin, na ninke shi tsaf, ina jin kaina mutuniyar kirki.

Ba a yi rabin awa ba na ji dirin ƙafafu a matakala. Maza biyar ne da takunkumi a fuska, sun jiƙe sharkaf, a lokacin da ko leƙa titi ka yi ba dalili sai ka sha tambaya wurin 'yan sanda. Mai askin da ke zaune a ɗakin da ke kallon namu shi ne a gaba, yana dukan ƙofar Ankul, yana laluben makulli. Ƙofa ta buɗe, sai ga Ankul da kwanon taliya a hannu, baki cike. Suka yi cirko-cirko. Daga nan idanu goma sha biyu suka juyo kaina, ina tsaye rungume da tawul.

"Madam," in ji mai askin, bayan ya gama haki, "wannan ba shanya ba ce."

Shi ya yi mini bayani. Shekarun baya ɗaya daga cikinsu ya mutu a ɗakinsa, sai bayan kwana huɗu aka sani. Tun daga ranar kowa yake fito da wata alama kafin ƙarfe tara, wani tawul, wani tukunyar fure, wanda ke tsallaken titi kuma ya duba. In ba a ga alama ba, a zo da makulli. Ya ce, "Mu ba mu da 'ya'yan da za su bugo waya."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ankul kuwa dariya ya yi har da tari. Washegari na tarar da ƙullin abinci a kan katanga. Daga shagon mamak ya sa aka kawo, wato Indiyawa Musulmi, don kada in yi tantama. Na ci, na rama da dambun shinkafa, ya ce yaji ya kusa aika shi inda tawul bai aika shi ba.

Kullen ya yi tsawo, kantunan ƙasa suka riƙa rufewa, masu gine-ginen suka fara sayarwa. Wani kamfani ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana saye. Na ga tallan da suka yi a waya: hoton ƙofofi masu fenti kala-kala, furanni na zubowa daga baranda, wai unguwa mai tarihi. To wa ya yi fentin? Wa yake ba furannin ruwa? Mutanen nan ne suka tarar da layin bola ce da ɓeraye, suka gyara shi da hannunsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da aka sassauta kulle sai ga shagunan shan kofi, sai ga matasa suna zuwa ɗaukar hoto a jikin bango. Haya ta tashi. Ma'aikacin jinya ya koma wajen gari, na banki ya tafi garinsu wurin ƙanwar da ba ta son ganinsa. Ba wanda aka kora don halinsa, takarda kawai ake miƙo wa mutum cikin ladabi.

Ranar da mai askin zai tashi ya hawo ya miƙo mini makullin Ankul. Na ce masa ni baƙuwa ce, matar aure, kada a sa ni shiga sharo ba shanu. Ya ce, "Madam, duba tsallake. Wa ya rage?" Na duba. Tagogi ne sababbi da labule iri ɗaya, na baƙi masu kwana biyu su wuce. Ya ce, "Boleh?" wato zan iya? Na karɓa ina ƙunƙuni.

Bayan nan kamfanin ya manna takarda cewa an hana shanya a ƙarfen baranda, tana ɓata fuskar gini. Sai Ankul ya dawo da tawul ɗinsa kan katangar da ke tsakaninmu, inda ba a hange daga titi. Duk faɗin Kuala Lumpur ido biyu ne suka rage masu ganinsa, nawa.

Wata Talata na fito ban ga tawul ba. Na ce ƙila ya makara. Na ɗora shayi, na leƙo, na share ɗaki, na leƙo. Tara na cika na tashi maigidana daga gaban kwamfuta na danƙa masa makulli. A ƙasa muka same shi kusa da gado, jiki zafi rau, numfashi da ƙyar. Korona ce. Motar asibiti ta ɗauke shi, mu kuma aka killace mu a gida. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba, na kuma yi kuka, abin da ban zaci zan yi a kansa ba.

Ya yi sati uku ya dawo a rame, ya tarar da takardar tashi tana jiransa a ƙarƙashin ƙofa. Tamu ta zo mako guda bayan tasa, abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awe. Mu muka samu wuri a Pantai Dalam kusa da jami'a, shi kuma ɗaki ɗaya a hawa na goma sha bakwai, can gefen gari.

Mun je duba shi sau ɗaya kafin mu dawo gida Najeriya. Ɗakin fes, furanninsa biyu sun tsira. Na leƙa taga. Ba gida a tsallake, sai babban titi a ƙasa, motoci kamar tururuwa. Ga koren tawul ɗin a rataye jikin ƙarfen taga.

Na ce, "Ankul, wa yake dubawa a nan?"

Ya ce, "Ba kowa, Madam. Amma ina fitarwa kafin tara."

Na ciro tsohon makullinsa daga jaka zan mayar masa, ya ce in bar shi, ƙofar ma an riga an canza ta. Yana nan cikin jakata har yau. In hadari ya taso a Kano ina kwashe shanyar maƙwabta kamar yadda aka koya mini, amma sai na fara ƙwanƙwasa ƙofa na ji an amsa.