Yatsun Inna Hajo

A shekarar da soja suka sauya wa ƙasarmu suna daga Dahome zuwa Benin, wata safiyar Laraba, na ga jinin kakata Inna Hajo yana zuba a kan irin albasa. Kogi ya janye daga fadamarmu ta Garu, ya tafi da iyakar da ke tsakanin gonar Baba da ta ƙanensa, Bappa Sanda. Ni da Inna muka kai musu kunu, muka tarar an wuce zage-zage. Bappa ya fasa wa Baba goshi da ƙotar fartanya, Baba ya zaro adda, idonsa ya rufe. Tsohuwar nan da ko tulu sai an ɗora mata ta yar da ƙwarya, ta faɗa tsakaninsu, ta tare saran da hannun hagu. Yatsu biyu suka faɗi cikin laka. Ni dai ihu nake kurmawa, fitsari na bin ƙafata.

Ko hawaye ba ta yi ba. Ta naɗe hannun da kallabi, ta dafa ƙirji ta ce, "Wanda duk ya koma ɗaga ma ɗan'uwa nai hannu, wallahi sai na ɗaga mai nonon ga da ya sha." Kowa ya san ɗan da uwa ta yi wa wannan baki ya lalace ke nan. Adda ta suɓuce daga hannun Baba.

Kafin la'asar jandarma, 'yan sandan ƙasarmu, suka iso gidanmu. A zamanin, in suka tafi da mutum garin Malanbil, a kwance ake dawo da shi. Suka durƙusar da Baba da Bappa a rana, mari da shuri, sai an faɗi wanda ya yi saran. Inna ta ce ita ta sare kanta garin faskare. Babbansu ya damƙe hannun ya matsa har kallabin ya jiƙe. Ta ciji leɓe ta ce, "Aikin tsuhwa na, ɗana. Ni na yi ma kaina." Da suka gaji, suka kama awakinmu suka wuce.

Daga ranar ta kafa doka: a akushi ɗaya 'ya'yanta za su ci. Kullum da magariba takan ajiye musu tuwon shinkafa, ta zauna gefe, ta ɗora guntun hannun a gwiwa inda dole su gan shi. Sau da yawa na ga Baba yana haɗiyar loma da hawaye. Mu jikoki kuwa ba mu tsira ba. Ranƙwashin yatsu ukun nan ya fi na biyar zafi, musamman in ta kama mu muna wanka a bakin kogi. Da su ta yi mana kitso, ta yi jegon matan gidan kaf, har ta goya 'ya'yan jikokinta.

Da ta rasu, ko sadakar arba'in ɗinta ba a yi ba, magini ya ja katanga a tsakar gida. Yau 'ya'yana ba su san sunayen jikokin Bappa ba. Tsofaffin biyu kowa na cin tuwonsa shi kaɗai, suna jin tarin juna ta bayan bango. Ina kewarta, ina kuma jin haushinsu. Ashe abin da muke kira zumunci a gidanmu, ita ce.